Ginin da ya koyi dabara wurin gara

A watan Oktoba aiki ya kai ni Harare, babban birnin Zimbabwe, ta Addis Ababa muka bi, na sauka a gajiye liƙis. Lokacin zafinsu ne wai, amma ni ɗan Kano dariya kawai na yi. Bishiyoyin jakaranda duk sun yi fure, tituna sun koma shuɗi-shuɗi kamar an yi ɓarin baba a marina.

Kwana biyu da zuwa abokin aikina ya ce in zo mu je Eastgate, wani katafaren gini a birnin, akwai wanda zai gani a wani ofis. Daga waje ginin bai burge ni ba gaskiya, kankare ne mai haƙora-haƙora, ga ganye na lilo a jikin bango, can sama kuma bututaye na jan bulo guda 48 jere kamar gidan burodi. Sai da muka shiga. Gini biyu ne gefe da gefe an haɗa su da rufin gilashi, ƙasa shaguna, sama ofisoshi, muka hau sama muka zauna jira kusan awa ɗaya, ga rana tsaka amma ko gumi ban yi ba, kuma babu wannan sanyin iyakwandishan mai sa mutum mura. Na dinga waige-waige ina neman inda injin yake, abokin nawa ya ce Malam daina wahalar da wuyanka, ofisoshin nan fanka da iskar Allah suke amfani da su.

Mick Pearce ne ya zana shi, ɗan ƙasar ne, aka buɗe a 1996, kuma daga suri ya ɗauko tunanin, yadda gara ke gina gidanta iska na shiga tana fita. Da dare manyan fankoki ke zuƙo iska mai sanyi su tura ta cikin ramukan da ke ƙarƙashin daɓe, kankaren ya sha sanyi ya ƙoshi, da rana sai ya riƙa sakinsa a hankali, iskar da ta ɗumama kuma ta haura ta fice ta bututayen can. Haƙoran da na raina ma ashe inuwa suke wa tagogi. Na sa tafin hannu a bango, sanyi kamar randa, nan take na tuna soron kakata a Ɗanbatta.

Amma fa kar a ruɗe mu. Harare na kan tudu kusan mita 1,500, darenta da sanyi ko a bazara, ni kaina sai da na nemi bargo a masauki. A Sakkwato cikin Afrilu wane sanyin dare fanka za ta zuƙo? Haka muka yi ta musu da abokin nawa har gidan abinci, inda aka kawo mana sadza, tuwon masara ne sak, miyar ce dai ba kuka ba.