Kan da aka mayar dutse

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau tun bayan azahar ban tashi daga gaban kwamfuta ba, ina ta kwatanta bugu biyu na hoton da mai zane Anthony van Dyck ya yi wa kansa, domin darasin da zan gabatar wa ɗalibaina kan hotunan zamanin Barok (salon zanen Turai na ƙarni na 17) da ake sassaƙawa a farantin jan ƙarfe a buga a takarda.

A bugun farko kai ne kawai a can saman takarda, ya waiwayo ta kan kafaɗa kamar an kira shi yana tsakiyar aiki, gashin a hargitse, sauran takardar kuwa fara fat. Shi da kansa ya zana wannan da allura a kan farantin da aka shafe da kaki, sannan ruwan asid ya ci layukan. Na daɗe ina kallon idon.

Bugu na biyu ya fito a Antwerp a 1645, shekara huɗu bayan mutuwarsa a Landan yana da shekara 42. Mai ɗab'i Gillis Hendricx yana neman shafin farko na kundin hotunan mashahurai ɗari da ake kira Iconography, sai mai sassaƙa faranti Jacob Neeffs ya cike farantin: ya ɗora kan nan a bisa ginshiƙi, ya mayar da shi mutum-mutumi irin na manyan Rumawa, aka rubuta sunan kundin da Latin a jikin ginshiƙin. Manufar a fili take, wato dutse ba ya ruɓewa, kuma wanda aka kafa wa ginshiƙi ya shiga sahun waɗanda ba a mantawa da su. Kundin kansa ma da'awar da yake yi ke nan, tunda ya jera masu zane tare da sarakuna, jarumawan yaƙi da malamai, a lokacin da ake yi wa mai zane kallon ɗan sana'ar hannu kawai.

Na fahimci lissafin, domin hoton da aka zana da fenti ɗaya ne tak, yana rataye a gidan mai shi, faranti kuwa yana haifar da ɗaruruwa su bazu ƙasa-ƙasa. Duk da haka raina ya fi kwantawa da bugun farko. Aikin Neeffs tsaf yake, ban ga inda hannunsa ya kuskure ba, amma waiwayen da ya dace da mai rai sai ya zama baƙo a wuyan dutse.

Na shirya hotunan biyu gefe da gefe. Gobe ba zan faɗa musu wanda ya riga wani ba sai sun canka.