Na gama PCF ashe aikin bai ƙare ba

Na zauna ƙara haruffan Hausa masu ƙugiya a cikin wani tsohon salon haruffa (font) na ɗigo-ɗigo a Linux. Abin da har yanzu yake cin raina shi ne, bdftopcf, manhajar da ke juya fayil ɗin haruffa, bai yi ƙorafin komai ba. Ya karɓi fayil ɗin BDF, wanda a cikinsa ake zana haruffan, ya fitar da PCF, siffar da X (tsohon tsarin nuna tagogi a allo) ke amfani da ita, lafiya lau. Na sa mkfontdir, na ƙara hanyar da xset +fp don X ya san inda haruffan suke, na buɗe xterm, tagar rubuta umarni, sai ga ƙ da ɗ da ɓ tsaf, ɗigo bisa ɗigo kamar yadda na zana su. Na ce alhamdulillahi, an wuce wajen.

Haruffan tsofaffi ne masu ɗigo 8 a kwance 16 a tsaye, ina son su don ba sa gajiyar da ido a ƙaramin allo, amma babu masu ƙugiya a ciki. Zana su bai yi wuya ba, domin BDF rubutu ne zalla, da kowace manhajar rubutu za ka gyara shi. Ka kwafi k, ka je layin da sandarta ta fara, inda aka rubuta 40 (lambar hex mai nuna ɗigogin wannan layin) ka mayar da shi 30, sai kan ya lanƙwasa dama, ƙ ta fito. Ɗ babba ce ta ɗan ja ni, saboda ƙugiyarta hagu take fita kuma gidan ɗigo 8 ne kawai, dole na matse cikinta. A kula da layin ENCODING, inda ake sa lambar harafin: lissafin goma yake so, ba hex irin na Unicode ba. Ƙaramar ƙ da Unicode ke kira U+0199 a nan 409 ce, ɓ 595, ɗ 599, ƴ ta mutanen Nijar 436. Sannan a ƙara adadin haruffa da ke layin CHARS.

Da na buɗe manhajar rubutu ta GTK (kayan gina manhajoji masu taga a Linux) don in zaɓi haruffan, babu su a jeri sam. Na fara zargin fontconfig, mai kula da jerin haruffan na'ura, tunda a Debian da Ubuntu akwai fayil irin 70-no-bitmaps.conf mai ɓoye irin waɗannan haruffa. Na cire shi, fc-list, umarnin da ke jera haruffa, ya nuna su, amma manhajar ta ƙi. Na sake gina PCF, na matse shi da gzip, na warware, na canja masa suna, na koma ina bin BDF layi-layi ina neman abin da ya karye. Babu abin da ya karye. Ashe tun 2019, daga Pango 1.44 (Pango ne ke zana rubutu a manhajojin GTK), an koma ɗauko haruffa ta wata manhaja mai suna HarfBuzz, shi kuwa ba ya karanta BDF ko PCF. Shi xterm ta tsohuwar hanyar X yake karɓar nasa, shi ya sa ya ruɗe ni. Duk bayanan da na bi an rubuta su kafin wannan canji, kuma ko ɗaya bai saka kwanan wata ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi, wallahi.

Maganin layi ɗaya ne: fonttosfnt, wanda ke naɗe ɗigogin a cikin OpenType, siffar da HarfBuzz ke karantawa, ya ba ka fayil ɗin OTB. FontForge, manhajar gyara haruffa, ma yana fitar da shi. Na kwafe shi cikin ~/.local/share/fonts, na sa fc-cache don ya sabunta jerin haruffa, ƙ ɗina ta dawo. Tazarar haruffan ta fara fitowa da faɗi, sai da na sake juyawa da fonttosfnt -g 2 -m 2 kafin ta daidaita, don haka kada ka yarda da fitowar farko ba ka rubuta jimla guda ka gani ba.

In za ka yi irin wannan aiki, riƙe BDF ɗinka da kyau, daga shi za ka fitar da PCF da OTB duka. In PCF kaɗai ke hannunka, pcf2bdf zai dawo maka da shi. Kuma kafin ka taɓa ɗigo ko ɗaya, gwada fayil ɗin a ainihin manhajar da za ka yi aiki da ita, ba a xterm ba.