CG ɗin baba ta tashi yau, bayan wata biyu na neman fistin

Jama'a ku taya ni murna, yau da la'asar mashin ɗin nan ta tashi da bugu na ukku, ba hayaƙi ko kaɗan. Waɗanda sunka san labarin sun san Honda CG125 ce ta marigayi babanmu, irin ta da mai filatin (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya ba inji wuta) da batir 6 bolt, wadda ta yi shekaru a zaure kaji na kwana bisanta.

Matsalar duk fistin ce. Ramin silinda na asali milimita 56.5 ne amma ya cinye, tana shan baƙin mai kamar rijiya ta tsage, mai injin gyaran ƙarfe ya auna ya ce sai an ƙara faɗin da 0.50 wato ya koma 57. Na ce ai da sauƙi. Na zagaye masu kayan moto na Babbar Kasuwa kaf, kowa sai ya hiddo min sitanda, in ka ce kana son mai ƙari sai su dube ka kamar ka tambayi ƙahon jaki, su ce Malam sayi silinda ta Sin gaba ɗaya da fistin da ringi ka huta. Kuma ba ƙarya sunka yi ba, injinan Sin da yawa kwaikwayon CG ne, da yawan kayansu na shiga. To amma ni wallahi ba zan yar da silindar Japan da ta fi ni shekaru ba saboda wadda ban san ko za ta kai damina biyu ba.

Sai na aika Kano ta hannun wani direba mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Kwana tara na jira, da kuɗin kaya da na direba da asarar canjin naira jikka 11 sunka tahi. Kwali ya zo an rubuta 0.50 daidai, na ruga gareji ina washe baki, muna zuwa sakawa fin ɗin da ke riƙe fistin ya yi ta rawa cikin idon biyel, wato sandar da ke tura fistin. Ashe fistin ɗin CG iri biyu ne, akwai mai fin milimita 13 akwai mai 15, tawa 15 ce, kuma ban gaya ma kowa ba tunda ni kaina ban sani ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Wani yaro ya ce a sa zobe a cike ratar, na ce a'a, ba a injin baba ba.

Wanda ya cece ni wani tsohon makanike ne a Sabon Gari, ya daina aiki ma, jikokinsa ke riƙe da wurin. Na ce Baba ko Allah ya sa kana da ajiya, bai ce komai ba ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar akwatin ƙarfe, ga fistin 0.50 fin 15 da ringinta cikin takardar mai. Jikka 6 ya ce, ban ko nemi ragi ba.

Yanzu rodaji nake yi, wato tuƙi a hankali har sabon fistin ya zauna, gobe zan kai Tibiri in komo in sake duba ratar bawul, 0.08 na sa. Fenti da kujera da na ce zan yi kafin Sallah ban ma san ranarsu ba, don filatin ma ta fara cinyewa. Mai buƙatar fistin fin 13 ya yi magana, yana nan sabo ful.