Kukan da ke ɓacewa a giya ta huɗu

Wata safiya da sanyi na fara jin sa. Na sa giya ta biyu, na ɗan taka totur, sai wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashin sandar giya, kamar ana busa bakin kwalba daga nesa. Motar ƙarama ce mai kujera biyu, irin ta gudu, injinta a gaba, ƙafafun baya ke tura ta, giyarta manuwal mai lamba biyar, kuma ta haura kilomita 140,000. A irin wannan mota direba kusan a kan giyabos, wato akwatin giya, yake zaune, sandar giya kai tsaye take shiga cikinsa, don haka duk abin da ke faruwa a ciki yana zuwa maka a tafin hannu kafin ma ya iso kunne. Shekara shida ina tuƙa ta, na san muryarta. Wannan kukan baƙo ne.

Sati uku na yi ina kawar da kai, ina cewa ƙila tayoyi ne suka cinye. Waɗannan sati ukun su na fi yin nadama a duk wannan lamari, zan kuma faɗi dalili a gaba. Da kukan ya ƙi tafiya, wani abokina ya saurara na minti ɗaya ya yanke hukunci cewa boris ɗin kuloci ne (boris shi ne zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa), in sayi kuloci sabo a huta. Saura ƙiris in saya. Abin da ya tsayar da ni shi ne dattijon bakanike da na kai wa motar, mutumin da ya fi shekara talatin yana kwance giyabos yana ɗaurawa. Ko sifana bai ɗauka ba.

“Yaushe take yin kukan?” ya tambaye ni.

Na ce, “Baba, kullum.”

Ya girgiza kai. “Ba kullum ba ne, ɗana. Ba ka dai lura ba. Je ka nemo mini lokacin da take yin shiru. Shirun nake so, shi zai gaya mana inda ciwon yake.”

Ya zayyana mini gwaje-gwajen da zan yi, ya ce kada in canza abu biyu a lokaci guda, kuma in rubuta duk abin da na ji. Na ɗauki ƙaramin littafi, na jingina waya kusa da sandar giya tana naɗar sauti, na nemi hanya doguwa da ba motoci.

Na fara da motar a tsaye. Inji yana silo, giya a firi, ƙafata ba ta kan kuloci. Da na kashe fanka na kasa kunne, akwai wani gurnani mara ƙarfi, kamar ana mirgina tsakuwa a cikin gwangwani. Na taka kuloci har ƙasa. Cikin daƙiƙa biyu gurnanin ya yi sanyi ya mutu. Na saki, ya dawo. Sau goma na maimaita, sau goma amsa ɗaya. Wannan kaɗai ya wanke boris ɗin kuloci, domin shi aikinsa yana farawa ne idan an taka. In da shi ne mai laifi, da takawar ce za ta tayar da ƙara, sakin kuma ya kwantar da ita. Nawa akasin haka yake. Taka kuloci yana raba inji da giyabos, sandunan ciki su daina juyawa, abin da ke kuka ya rasa abin da zai juya shi. Ke nan ciwon yana cikin akwatin, ko a sandar da ke karɓar ƙarfi daga inji, ko a wadda ke ƙarƙashinta.

Sai na hau hanya. Na kai gudun kilomita 80, na taka kuloci, na mayar da giya firi, na bar motar tana gangarawa da kanta. Shiru, sai iska da tayoyi. In da difaranshal ne mai raba ƙarfi ga ƙafafun baya, ko furofela mai kai masa ƙarfin daga giyabos, ko boris ɗin ƙafa, da kukan ya ci gaba, tunda su da gudun mota suke tafiya, ba ruwansu da inji. Na ɗan karkata sitiyari hagu da dama don a jibga nauyi a kan kowane gefe, kamar yadda ake kama boris ɗin ƙafa, ba abin da ya canza. Daga nan na riƙe allurar juyin inji a kan 3,000 a giya ta biyu, na sake riƙe ta a 3,000 a ta uku. Gudun mota ya bambanta, amma kukan muryarsa ɗaya. Juyin inji yake bi.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshe. Giya ta ɗaya, kuka. Ta biyu, kuka mai ƙarfi. Ta uku, kuka. Na sa ta huɗu, sai ya ɓace kamar an rufe ƙofa. Ta biyar, ya dawo. Na tsaya a gefen hanya na saurari abin da waya ta naɗa, don in tabbatar ba kunnena ke yaudara ta ba. Haka yake.

Da na koma na karanta wa dattijon, ya yi murmushi, ya jawo wani tsohon giyabos da ke buɗe a kan teburinsa ya nuna mini da yatsa. Sanduna uku ne. Ta farko tana shigowa daga kuloci. Ta ƙarshe tana fita ta baya zuwa furofela, kuma su biyun a layi ɗaya suke, baki da baki. Ta uku tana kwance a ƙasansu, ɗauke da jerin haƙora manya da ƙanana. A giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar, ƙarfin inji sai ya sauka kan sandar ƙasa, ya ratsa ta, sannan ya hau zuwa ta fita. A ta huɗu kuwa, a irin wannan akwati, ana kulle sandar shiga da ta fita ne su zama abu guda, juyi ɗaya a gaba, juyi ɗaya a baya. Sandar ƙasa tana ci gaba da juyawa, amma ba kaya a kanta. Boris ɗin da ya ji rauni ya fi kuka idan an ɗora masa nauyi. Ya ce, “Ga shirun da na aike ka nema. Boris ɗin sandar ƙasa ne, ƙila har da na sandar shiga.”

Bai tsaya nan ba, ya ce a ga mai. Muka ɗora motar a kan rami. Abin da na fara gani ya sa gabana ya faɗi: wutsiyar giyabos, daidai inda furofela ke shiga, ta yi baƙi da maiƙo da ƙura, sil ɗin wurin, wato robar da ke hana mai fita, yana tsiyaya. Ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba, domin a kan tafiya yake fita, iska ta watsa shi a ƙarƙashin motar. Ya fara kwance notin zuba mai na gefe kafin ya taɓa na tsiyayewa, ya ce in riƙe wannan har abada: idan ka tsiyaye mai sannan notin zubawa ya ƙi kwancewa, ka tsayar da motarka da hannunka. Ya zura yatsa a ramin. Kamata ya yi mai ya kai leɓen ramin daidai, amma yatsan ya fito a bushe. Akwatin da ke cin kusan lita biyu, abin da ya sauko a cikin kwano bai kai lita ɗaya da kwata ba.

Notin tsiyayewa yana da maganaɗisu a bakinsa. Ya miƙo mini shi a ƙarƙashin fitila. Akwai laushin toka-toka kamar kwalli, wanda ya ce wannan ba komai, kowane giyabos yana yin sa. Amma a cikin laushin akwai ’yan ɓarɓashi masu sheƙi, sirara kamar ɓawon kifi, waɗanda da na murza tsakanin yatsu na ji kaifinsu. Fatar boris ce take ɓarewa. A cikin man kuma, da ya karkata kwanon, wani ƙyalli ruwan zinariya yana yawo, wanda maganaɗisu bai kama ba. Tagulla ce, daga zobban da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Sai a lokacin na tuna cewa giya ta biyu ta jima tana ɗan cijewa da safe. Abin da bai gani ba shi ne ya kwantar masa da hankali: babu guntun haƙori ko ɗaya.

A nan sati ukun nan suka dawo mini. Duk kilomitar da na yi bayan kukan ya fara, wannan ɓarɓashi yana zagayawa cikin sauran boris da haƙora, cikin man da bai isa ba. Duba mai aikin minti goma ne, kuma a shekara shida ban taɓa sa an yi ba, alhali baƙin man inji ban taɓa bari ya wuce lokacinsa ba.

Sai maganar yanke shawara, wadda ta ci mini kwana huɗu. Hanya mafi sauƙi ita ce a canza sil, a cika sabon mai, a ci gaba da tuƙi. Har na sayo wata kwalbar sinadari mai kauri da aka ce tana kashe ƙarar giya. Dattijon ya juya ta a hannu ya mayar mini. Ya ce kauri zai iya rufe bakin kukan na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya ɓare ba ya komawa, kuma ranar da boris ya watse, sandar ƙasa za ta goce, haƙora su ci juna, wani lokacin har jikin akwatin ya tsage. Gyaran da yau boris ne da zobba, gobe ya zama akwati gaba ɗaya. Ga mota da nake so in ja ta har allura ta hau sama, wannan ba zaɓi ba ne.

Giyabos na hannu ya fi jan hankalina, don ya fi araha kuma a yini ɗaya za a gama. Na je na duba guda biyu. Na juya sandar shiga da hannu, na sa kowace giya, na kwance notin maganaɗisu na leƙa. Duk sun yi kyau a ido. Amma boris mai irin ciwon nawa ba ya nuna kansa a hannu, sai inji ya ɗora masa nauyi, kuma shekarunsu ɗaya da nawa. In ya yi kuka bayan an ɗaura, kuɗin aiki sau biyu ke nan. Nawa kuwa na san tarihinsa, na san haƙoransa lafiya lau. Da maganaɗisun ya fito da guntun haƙori, da na hannun zan saya ba tare da dogon tunani ba, domin haƙora su ne masu tsada. Tunda bai fito da shi ba, na ce a buɗe nawa.

Na roƙi in tsaya a wurin ranar da za a kwance. Boris ɗin gaba na sandar ƙasa, da aka wanke shi aka ɗaga wa haske, hanyar da ƙwallayensa ke bi ta yi ramuka ƙanana kamar zanzana. Na sandar shiga bai kai haka ba, amma da na juya shi a yatsa sai na ji yana karta. Zoben tagulla na giya ta biyu ya cinye har ya kusa zama a kan haƙoransa, giɓin da ya rage bai kai abin da littafin motar ya ƙayyade ba. Muka canza boris duka, ba biyun kaɗai ba, da zobban ta biyu da ta uku, da kowane sil. Tunda akwatin yana ƙasa, na sa aka canza faifan kuloci da boris ɗinsa, da ɗan ƙaramin boris da ke tsakiyar filawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji, da sil ɗin bayan inji, domin duk waɗannan ba a isa gare su sai an sake sauke giyabos.

Wajen mai ma ya tsaya kai da fata. Littafin motata GL-4 ya ce, mai kaurin 75W-90. Mutane da yawa suna ɗauka GL-5 ya fi don lambarsa ta fi girma, alhali an yi shi ne musamman don haƙoran difaranshal, sinadaran da ke cikinsa sun fi yawa, kuma ba kowanne ne ke shiri da zoben tagulla ba. Abin da littafi ya ce shi muka zuba, har ya fara tsiyayowa daga leɓen ramin.

Ya ce in yi mata a hankali, in dawo bayan kilomita 1,000 a sake tsiyaye man a duba. Na dawo. Maganaɗisun ya fito da ɗan laushin toka kawai, wutsiyar akwatin a bushe. A hanyar komawa na bi ta wannan doguwar hanyar da na yi gwaji, na kashe fanka, na riƙe allura a 3,000 a giya ta biyu, sannan ta uku, ta huɗu, ta biyar. Duka muryarsu ɗaya, ta inji ce kawai.