Duman duniyata ya kai matakin yanka

Salam 'yan uwa masu koyon haɗa taswirar duniya da hannu, ga inda na kwana. Duman nan da na samo a Agege ya bushe sosai, na goge shi da sanfefa, na kafa ƙusa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wato ƙuryar arewa da ta kudu. Sai na ɗauki tef ɗin tela na auna cikinsa, santimita 72 cif, na raba gida 24, kowane gida santimita 3 ke nan, digiri 15, tafiyar rana ta awa ɗaya. Zare nake ɗaurewa daga ƙusa zuwa ƙusa in bi shi da fensir, don rula ba ta kwanciya a kan abu mai zagaye, kar ma ku wahalar da kanku.

To yanzu maganar inda za a sa zarto. A littafi layin sifiri ne ke raba gabas da yamma, wanda ya bi ta Girinwich a Landan, tun taron Washinton na 1884 aka tsaya a kansa, bayansa kuma layin 180 can tekun Fasifik. Amma fa da na zana shi sai na ga ya tsaga Aljeriya da Mali da Burkina Faso ya sauko Gana ya faɗa teku ta Tema, mu nan Legas muna gabas da shi da digiri 3 da 'yan kai, Akara kuwa ta faɗa yamma, maƙwabtanmu fa! Gaskiya ni dai ban ga dalilin datse Afirka ba, shi ya sa zan bi masu taswira da ke yankawa a digiri 20 yamma da 160 gabas, ka ga har Dakar tana ɓarinmu, zarton ya bi ta ruwa abinsa a gefen Afirka.

Abin da ya fi burge ni, tsakanin Legas da Maiduguri kusan digiri 10 ne, kowane digiri minti 4, shi ya sa a azumi su sha ruwa mu muna nan muna kallon agogo, alhali agogon ɗaya ne.

Fenti sai ruwan saman nan ya ɗan lafa tukuna. Wanda ya taɓa yanka duma a tsaye, wane irin zarto ne ba ya fasa baki?