Darasin da na koya a bakin zugazugi

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina ƙirar zinariya a Aboabo, nan Kumasi, amma sai da 'yata ta zo shago da littafin kimiyya na gane ban san sunan abin da nake narkawa kullum ba. Ta ce, "Baba, me ake ce wa element da Hausa?" Na ce sinadari. Ta ce ai gishiri ma sinadari ake ce masa, kuma malaminsu ya ce gishiri ba ya ciki.

Gaskiyarta. A bakinmu maƙera, sinadari shi ne abin da muke lanƙaya ƙarfe da shi. Mai miya na da nata sinadarin, mai sabulu na da nasa. Kalmar ta yi faɗi da yawa.

Sai na koma karatun zaure. Malaminmu ya koya mana anasir huɗu: wuta, iska, ruwa, ƙasa. Na lissafa mata da ƙarfin gwiwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, a gafarce ni, ruwa yana rabuwa gida biyu, haidirojin da oksijin." Na yi shiru. Ba na raina karatun magabata, malaman Girka ma a kan huɗun nan suka daɗe. Amma tun 1789 Bafaranshen nan Lavoisier ya jera abubuwa 33 da ya ga ba a iya raba su, ruwa kuwa ba ya cikinsu.

Da hannu na fahimci sauran. Na ɗauko zobe mai karat 18 na goga a baƙin dutsen gwaji, na goga guntun tagulla kusa da shi, na ɗiga ruwan gwaji. Layin tagulla ya yi kore ya ɓace, na zoben ya tsaya yana sheƙi. Na ce mata zoben nan kashi 18 cikin 24 ne zinariya, ragowar azurfa ce da jan ƙarfe, kuma ana iya tace su kowa ya kama gabansa. To ita zinariyar fa, in an tace ta tas? Narka ta a zafin digiri 1064 na ma'aunin Celsius, buga ta, ja ta kamar zare, ba abin da zai fito daga cikinta sai ita. Muka tsaya a kan "tushen sinadari".

Ita kuma ta buɗe min jadawalin da Mendeleev ɗan Rasha ya fara tsarawa a 1869, yau gida 118. Kowane gida da lambarsa, wato yawan furoton, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Jan ƙarfe 29, azurfa 47, zinariya 79, darma 82. Nan na gane dalilin da masu cewa za su dafa darma ta koma zinariya suke cin kuɗin mutane kawai. Wutar maƙera ba ta taɓa wannan lamba.

Gida na 80 ne ya hana ni barci: zaiba. Masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ita suke kama zinariya ta zama curi, su ƙona shi, hayaƙin ya shiga huhu, ragowar ta gangara kogin Offin da Pra. Tunda tushe ce, ba ta ruɓewa, wuri kawai take sakewa. Ni ma na sha ƙona irin wannan curin a shago, yara na zaune kusa. Tun ranar na daina karɓarsa.