Asabar: faifai biyar, bango kafin sauti

Wunin yau ya tafi a kan faifai biyar da suka iso jiya cikin kwali guda. Dukansu na tarin da nake yi ne na faifan waƙa masu ɗauke da aikin masu zanen mujallun labarin zane. A irin wannan tari ana fara duba takarda kafin a duba roba. Mai sayen faifai don kunne kaɗai yana iya haƙuri da yagaggen bango in dai sauti ya fita tas, mu kuwa bangon ne rabin abin da muka biya wa kuɗi, wani lokaci ma ya fi rabi.

Na farko a kan tebur shi ne Cheap Thrills na Big Brother and the Holding Company, ƙungiyar da Janis Joplin ta yi wa waƙa, wanda Columbia ya fitar a Amurka a 1968. Robert Crumb ne ya zana bangon. Asali don bayan kwalin ya yi zanen, shi ya sa aka yanka shi gida-gida kamar shafin mujalla, da sunayen waƙoƙi da na makaɗa a ciki, amma sai aka dawo da shi gaba. An sha sake buga faifan nan, don haka lambar KCS 9700 da ke jikin kwali ba ta isa shaida ita kaɗai ba. Sai an zaro faifan an dubi takardar tsakiya. Bugun farko yana da jar takardar nan mai tambarin ido guda biyu da rubutun 360 Sound a ƙasa. Daga 1970 kamfanin ya koma wadda sunan Columbia ke zagaye bakinta. Wannan na yau mai ido biyu ne, alhamdu lillahi. Bayan haka na karkata shi a ƙarƙashin fitila na karanta lambobin da aka karce a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, na gwada su da na Discogs, shafin intanet mai kundin bayanan faifai. Nan ne ake gane bugu da masana'antar da ta matsa shi.

Aibinsa ɗaya ne: zoben goga. Wani farin da'ira ne daidai faɗin faifan, ya ci tawadar gidajen zanen na sama. Abin da ke kawo shi matsi ne, ko an jibga faifai a kwance ɗaya bisa ɗaya, ko an cusa su a kanta har ba sa motsi, sai bakin robar ya riƙa turo kwalin daga ciki yana gogar na kusa da shi. Ba ya gyaruwa. Wasu kan bi wurin da alƙalamin launi, wannan kuwa ɓarna ce a kan ɓarna, domin tawadar alƙalami tana ƙyalli dabam da ta ɗab'i, kuma da an karkata kwalin ga haske asiri ya tonu. Na rubuta wa faifan makin inganci VG+, bangon VG (wato Very Good, mai kyau sosai; mai alamar + ya ɗan fi). Kullum maki biyu ake bayarwa, mai sayarwar da ya ba da maki ɗaya a tambaye shi na wanne ne.

Na biyu ya fi ɗaukar lokaci, don abin nema a ciki yake. Too Old to Rock 'n' Roll: Too Young to Die! na Jethro Tull ne, Chrysalis, 1976. Kwalinsa mai buɗewa ne kamar littafi, kuma a shafukan ciki biyu akwai cikakken labarin zane na Dave Gibbons, shekara goma kafin labarin zanen Watchmen ya sa duniya ta san sunansa. Mai son ganin hannun Gibbons yana matashi, ga shi nan a fili: layi tsaf, fuskoki masu nauyi, rubutu daram a cikin kumfar magana. Kwalin babban faifai ya ɗan haura santimita 31 kowane gefe, ɗan littafin CD kuwa 12 ne, to a can sai an nemo gilashin ƙara girma kafin a karanta maganganun. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman babban bugu.

A kwali mai buɗewa wuri uku ake dubawa. Gadon baya, inda ninki yake, ko ya tsage. Bakin aljihun da faifai ke shiga, ko ya ɓalle. Sai tsakiyar shafukan, inda danshi ke ɓuya ya bar ɗige-ɗige ruwan ƙasa ko ya manne shafi da shafi. Hanci ma ma'auni ne: in an buɗe an ji warin rima, a ware kwalin daga sauran nan take, don funfuna tana yaɗuwa. Wannan lafiya lau yake, sai ɗan tsagi na santimita 2 a ƙasan gado. Ban sa masa salatif ba, kuma kada kowa ya sa. Da daɗewa gam ɗinsa yakan koma rawaya ya ratsa takarda, ranar da aka ɓare shi kuma ya tafi da zanen.

Na uku, Surfing with the Alien na Joe Satriani, 1987. Hoton Silver Surfer, jarumin labarin zane, da ke gaba na John Byrne ne, an ɗauko shi daga mujallar Marvel ta 1982, ba don faifan aka zana shi ba. Da yake aron lasisi ne, da wa'adi ya ƙare aka canza bangon, sababbin bugu sun zo da wani hoto dabam. Ke nan wanda ya yi oda da suna kawai yana iya karɓar waƙoƙin daidai ba tare da zanen da ya nema ba. A nemi mai sayarwa ya turo hoton ainihin kwafin da ke hannunsa, gaba da baya da takardar tsakiya.

Na huɗu ne ya ɓata rai. The Last Temptation na Alice Cooper, CD na 1994, wanda wani bugunsa ya fito haɗe da kashi na farko na mujallar da Neil Gaiman ya rubuta, Michael Zulli ya zana. Talla ta ce cikakke ne, kwali ya iso babu mujallar. Bangon Dave McKean yana nan, amma ba shi kaɗai aka saya ba. Na ɗauki hotuna na aika wa mai sayarwar. Abin da ake cusawa cikin faifai, ko mujalla ko fosta ko kati, shi ne ke fara ɓata, don haka a riƙa tambayarsa da sunansa.

Na biyar ba ya buƙatar dogon bayani: Bat Out of Hell na Meat Loaf, 1977, zanen Richard Corben. An sayar da miliyoyinsa, ba a rasa mai kyau. Ja da ruwan lemon da ke sararin zanen su ne rana ke fara cinyewa, wannan kuwa launinsa na nan da zafinsa.

Bayan la'asar sai wanki. Kashi 4 na tataccen ruwa, kashi 1 na sifirit, ɗigo guda na sabulun ruwa marar turare. Ruwan famfo yana barin gishiri a cikin layukan. A bi zagayen layi da ƙyalle mai laushi, kada a ratsa shi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, a ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a tsaye minti 30. Wannan na faifan roba ne kawai. Tsofaffin masu juyi 78 a minti, irin waɗanda Crumb kansa ya shahara da tarawa, da wani irin ƙaro aka yi su, sifirit narkar da su yake yi. Daga nan kowane faifai ya samu sabuwar rigar ciki, na sa shi a bayan kwalinsa cikin ledar waje ɗaya, don kada bakinsa ya ci gaba da cin zanen. Leda mai kauri da santsi da wari, wato PVC, a guje ta: tana fitar da wani sinadari da ke bar wa faifai hazo da shuu wanda wanki ba ya cirewa.

Da daddare na cika littafin lissafi. Bayan suna da shekara da lamba, ina da layi na mai zane da layi na irin aikinsa: bangon gaba, shafin ciki, ko zanen aro daga mujalla. A nan na gyara wani tsohon shigarwa, Follow the Leader na Korn, 1998, inda na sa Todd McFarlane shi kaɗai alhali da hannun Greg Capullo a zanen. Saura faifan Gorillaz da ke gefe. Jamie Hewlett, mai zanen Tank Girl, shi da Damon Albarn suka kafa ƙungiyar a 1998, ba hayarsa aka yi don bango ba, kuma babu ɗaya cikin layukan ukun da ya dace da shi. Gobe zan ja masa layi na huɗu.